Littafin Bashin Baba Ya Koma Littafin Suga

Mahaifinmu ɗan kasuwar Kantin Kwari ne a Kano, ya yi shekara 40 da ɗoriya yana sayar da atamfa da shadda. Abin da aka san shi da shi a layinsu lissafin ka ne. Baƙo zai zo daga Maraɗi ko Njamena da sefa a jaka, ya zaɓi turmi 70 iri uku farashi uku, kafin yaron shago ya gama danna kalkuleta Baba ya faɗi jimla da naira, ya juya ta zuwa sefa, ya cire ragin da zai yi. Yana da littafin bashi mai baƙin bango, amma don shaida kawai yake rubutu a ciki, domin abin da ke littafin yana kansa. Yau shekararsa 74. In aka miƙa masa naira 500 guda biyu da naira 200 guda ɗaya aka ce nawa ke nan, sai ya juya su, ya sake juyawa, ya mayar wa mai tambaya yana murmushi. Mu 'ya'yansa ne muka haɗa wannan bayani kan yadda ciwon suga ya kai shi ga cutar mantuwa, biyu daga cikinmu aikin asibiti suke yi, kuma alƙaluman da za a gani daga katinsa na asibiti da littafin awonsa muka kwaso su.

Yana da shekara 48 aka gano yana da ciwon suga. Ƙishirwa ta dame shi, yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare, ga wani maruru a cinya da ya ƙi warkewa. Awon safe kafin karin kumallo ya nuna 13.4, alhali daga 7.0 ake cewa mutum ya kamu. Wannan a ma'aunin mmol/L ke nan. Wanda na'urarsa take nuna mg/dL sai ya ninka alƙaluman da muka kawo a nan da 18, wato 7.0 ita ce 126. Jininsa kuma ya hau zuwa 160/100. Aka rubuta masa metformin 500mg sau biyu a rana, da glibenclamide 5mg da safe, da ƙwayar hawan jini.

A wajen Baba magani na mara lafiya ne, shi kuwa da zarar ƙishirwar ta lafa ya warke. Yakan sha ƙwayoyin sati uku ya ajiye wata biyu. Ta hawan jini ma bai taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba, tunda kansa ba ya ciwo. Safiya shayi ne mai madara da cokali uku na sukari da rabin burodi, rana shinkafa daga mai abinci, kuma duk babban baƙon da ya shigo shago sai an buɗe lemon kwalba biyu, ɗaya na baƙo ɗaya na mai shago. Daga mota zuwa benci, daga benci zuwa masallacin layi, iyakar tafiyarsa ke nan. Haka aka yi shekara 12, kuma a cikinsu aka yi ɓarnar da sai bayan shekara 20 ta fito fili.

Abin da suga mai yawa yake yi wa ƙwaƙwalwa shi ne dai abin da yake yi wa ido da ƙoda da ƙafa, bambancin kawai ita ba a leƙa ta. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai hanyoyin jini sirara kamar gashi. Suga yana sa bangonsu ya yi kauri ya yi tauri, ramin ya tsuke, hawan jini kuma yana dukansu dare da rana. Wata rana ɗaya ta toshe, ɗan wurin da take shayarwa, wanda bai wuce ƙwayar gero ko ta wake ba, ya mutu. Sau da yawa guda ɗaya ba ya nuna komai. Idan suka taru sai su yanke layukan da suka haɗa gaban ƙwaƙwalwa, inda ake tsara abu da lissafi da yanke shawara, da sauran sassanta. Shi ya sa mai irin wannan lalura ba da manta sunan 'ya'yansa yake farawa ba. Saurin tunani ne yake fara tafiya, sai iya jera aiki daki-daki, sai tafiyar ƙafa ta koma gajeren taku, sai riƙe fitsari ya yi wuya. Kuma ba gangarowa take yi a hankali ba, matakala take bi: wata shida yana nan yadda yake, sai a wayi gari ya sauka mataki ɗaya.

Akwai hanya ta biyu, ta cutar Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa, wadda a cikinta wani datti mai danƙo da ake kira amiloyid yake taruwa a ƙwaƙwalwa. Sinadarin da ke share ragowar insulin, wato abin da jiki ke sauke suga da shi, yana cikin masu share wannan datti, kuma a ciwon suga irin na manya jiki yakan daɗe cike da insulin da ba ya jin maganarsa, don haka masana suna zargin mai sharar yana shagala da aiki ɗaya ya bar ɗayan. Daga nan wasu masu bincike a Amurka suka fara kiran Alzheimer da ciwon suga nau'i na uku a 2005. Laƙabi ne kawai, babu likitan da zai rubuta shi a kati. Hanyar jijiyoyin jini ita ce hujjarta ta fi ƙarfi, kuma tsofaffi da yawa duka biyun suke ɗauke da su a haɗe.

Binciken da aka yi a birnin Rotadam na ƙasar Holan, wanda ya fito a 1999, ya nuna mai ciwon suga ya kusa ninka wanda ba shi da shi wajen haɗarin kamuwa da cutar mantuwa. Wani kuma da ya bi ma'aikatan gwamnatin Ingila sama da 10,000 na tsawon shekaru, ya fito a 2021, ya nuna iya yadda ciwon ya kama mutum da wuri iya yawan haɗarin: wanda ya kamu yana 48 ba ɗaya yake da wanda ya kamu yana 70 ba. Masu cewa cutar mantuwa ta Turawa ce su duba aikin da likitocin Jami'ar Ibadan suka yi da takwarorinsu na Indiyanafolis tun 1992. Sun tarar cutar tana nan a tsakanin tsofaffin Ibadan, sai dai ba ta kai rabin yadda take kama baƙaƙen fatar Amurka ba, kuma cikin dalilan da suka kawo har da ƙarancin hawan jini da suga da kitsen jini a tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. Wanda ya san yadda cimarmu da zamanmu suka canza daga 1992 zuwa yau ya san wannan rangwame ba mai ɗorewa ba ne.

Gargaɗin farko ya zo yana da shekara 60. Wata safiya bayan asuba bakinsa ya ɗan karkace, magana ta sarƙe, kofi ya suɓuce daga hannun dama. Kafin rabin awa komai ya koma daidai. Aka ce iska ce ta buge shi, aka shafa man zaitun, ya tafi kasuwa. Wannan ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce, irin wadda jini ke tsayawa ya sake wucewa, kuma wanda ta same shi asibiti ya kamata ya kwana ranar ko da ya miƙe garau, domin babbar tana iya biyo baya cikin kwanaki, kuma daga ranar ake fara maganin kitsen jini da na hana jini daskarewa. Ba a yi ko ɗaya ba.

Abin da ya girgiza shi ƙafa ce. Yana 63 ƙusa ta soke shi ta cikin takalmi bai ji ba, wurin ya zama gyambo, ya yi wata biyu ana wanki, ya ga maƙwabcin gadonsa an yanke masa ƙafa daga gwiwa. Daga nan Baba ya juya gaba ɗaya. Ya bar sukari, ya bar lemo, ya koma acca da alkama, ya sayi na'urar awo. Aka ɗora shi a kan insulin mai gauraye, 70/30, raka'a 22 na allura da safe da 14 da yamma, wato yunit 22 da yunit 14, shi da kansa yake kiransu raka'a don wasa. Glibenclamide kuwa ya ci gaba da saye a kemis, domin babu wanda ya ce masa ya daina, shi ma bai faɗa wa likitan da ya rubuta insulin cewa yana sha ba. Aka ƙara masa amitriptyline 25mg da dare saboda zafin tafin ƙafa. Awon safe ya koma 4.5, 4.8, 5.0, yana nuna wa abokansa kamar yaro da sakamakon jarrabawa. Kowa ya yaba. Garin gyaran gira ne aka nufi ido, ba mu sani ba.

Alamun sun fara ne wajen shekara 68, kuma a shago aka fara gani. Lissafin da yake yi kafin ƙiftawar ido ya koma sai ya nemi biro. Ya ba wani ɗan Zinder kaya sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Ya ajiye kuɗi a cikin dila ya manta, ya ce yaron shago ne ya sace, yaron da ya yi shekara 15 tare da shi ya tafi yana kuka. A gida Umma ta lura sujadar ƙabli da ba'adi ta yi yawa, sannan wata rana ya sallame magariba a raka'a biyu ya ce ta cika. Duk wanda aka gaya wa sai ya ce tsufa ne. Wasu suka ce a bincika, kasuwa ce, akwai hassada. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa, Kawu ya ce shi yana raye ba za a kai yayansa Dawanau ba, kamar duk mai ganin likitan ƙwaƙwalwa mahaukaci ne. Wannan magana ta ci mana shekara guda.

Bambancin mantuwar tsufa da wannan ba boyayye ba ne. Tsoho yakan manta inda ya ajiye hula, ya tuna an jima. Idan ya kasa aikin da ya shekara 40 yana yi, ko ya ɓace a hanyar da ya saba bi, ko halinsa ya canza, to an wuce tsufa.

Ranar 11 ga azumin shekarar da ya cika 70 aka tsince shi bayan la'asar a zaure, rigarsa sharkaf da gumi, idonsa a buɗe amma ba ya amsawa, hannunsa yana fizga. Masu ruƙiyya aka fara nema kafin a tuna da na'ura. Awo ya nuna 2.1. Da aka bi sawu, ya yi allura kafin sahur, ya manta ya sake yi bayan ya idar da asuba, ga glibenclamide a kai, ga ciki babu komai tun ƙarfe biyar. A asibiti aka ɗura masa ruwan gulukos ta jijiya ya farfaɗo cikin minti biyar, da dare ya sake faɗuwa zuwa 2.9, sai da ya kwana biyu ana ƙarin ruwa. Haka glibenclamide take. Tana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, tana daɗewa a jiki, ragowarta ta ƙoda take fita, ƙodar tsoho mai suga kuwa ta riga ta gaji. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya rubuta ƙarara cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, amma ita ce mai araha, ita ce a kowane kemis. Wasu magungunan ma ƙara mata ƙarfi suke yi, kamar Septrin da ciprofloxacin da ake ba mai ciwon fitsari.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa, kuma gulukos ɗin da jini ya kawo a wannan minti shi take ci. In ya yi ƙasa da 3.9 an shiga haɗari, ƙasa da 3.0 tunani ya fara rikicewa, in ya daɗe a can ƙwayoyinta suna mutuwa, kuma sashen da ke ajiye sabon abu yana cikin waɗanda suka fi saurin jin jiki. Wani bincike a Kalifoniya kan tsofaffi masu suga sama da 16,000, wanda ya fito a 2009, ya nuna wanda sugansa ya taɓa faɗuwa har aka kai shi asibiti sau ɗaya haɗarin cutar mantuwa ya ƙaru masa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya yi sau uku ko fiye kuwa ya kusa ninkawa. Abin zagaye yake yi: mantuwa ta sa a maimaita allura ko a tsallake abinci, suga ya faɗi, faɗuwar ta ƙara mantuwa. Kuma tsoho ba lallai ya yi karkarwa da yunwa da bugun zuciya irin na matashi ba, musamman in faɗuwar ta saba zuwa. Nasa yakan zo da faɗa, ko gyangyaɗi, ko magana marar kan gado, ko faɗuwa a banɗaki. Da muka koma littafinsa muka ga 3.4 da 3.6 da 3.2 birjik a shekara biyun da suka wuce, shi kuwa murna yake yi da su.

A wannan kwanciya aka gano wani abu kuma. Insulin ɗinsa mai ƙarfin 100 ne a kowace mililita, amma a cikin jakarsa akwai sirinji iri biyu, U-100 da U-40, domin duk wanda aka aika kemis abin da aka ba shi yake kawowa. Idan aka ja insulin mai ƙarfin 100 zuwa layin 20 a sirinjin U-40, rabin mililita aka ja, yunit 50 ke nan, ninki biyu da rabi na abin da ake nufi. Galibi U-40 jan murfi gare shi, U-100 kuma ruwan lemo, amma rubutun jikin sirinji da na kwalba ake dubawa, dole lambobin su zama ɗaya.

Bayan sallah aka kai shi asibitin koyarwa. Likitar ta zauna da shi kusan awa guda. Ta ce, "Baba, zan faɗa maka abu uku, ka riƙe min su, an jima zan tambaye ka." Ya ce, "To, 'yata, Allah ya sa kada na ci amana." Bayan minti biyar ɗaya ya kawo, da ta ba shi haske ya kawo na biyu. Ta ce ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, ya kawo shida ya tsaya. Da yake bai yi boko mai zurfi ba, ba ta ce ya zana agogo ba, sai ta jera tsinken ashana huɗu ta ce ya kwaikwaya, gwajin da aka tsara a aikin Ibadan saboda irinsu. Sannan ta fitar da shi ta tambayi Umma ita kaɗai: yaushe ya fara, a hankali ne ko tsalle-tsalle, yana iya wanka, yana iya kuɗi, yana barci, yana kuka ba dalili. Wannan tambaya ta ƙarshe don baƙin ciki mai tsanani ne, wanda kan yi kama da mantuwa a tsoho kuma yana jin magani.

Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya ba da 6.1. Likitar ta ce ga ɗan shekara 40 wannan abin yabo ne, ga Baba kuwa alama ce ta cewa rabin ranakunsa a ƙasa yake yini. A lura, wannan gwaji yakan yi ƙarya ga mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Awon aikin ƙoda ya nuna 38, inda lafiyayye yake 90 ko sama. Sinadarin B12 ya yi ƙasa sosai, abin da shan metformin na shekaru kan jawo, kuma ƙarancinsa kaɗai yana iya kawo mantuwa da mutuwar tafin ƙafa. Gwajin maƙoƙo, wato thyroid, ya fito lafiya lau. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙananan ramuka da dama a can ciki, da farin dabbare-dabbare a gefen ramukan ruwa, sawun jijiyoyin da suka toshe tun yana ganiyarsa.

Abin da ta yi ya ba mutanen gida mamaki, domin rage magani ta yi. Ta soke glibenclamide. Ta janye amitriptyline a hankali, domin yana cikin magungunan da ke dusashe tunanin tsoho, tare da Piriton da diazepam da ake ba su don barci. Ta tsayar da metformin a 500mg sau biyu, ta ce kada a wuce 1,000mg a rana da irin wannan ƙoda, in awon ya sauka ƙasa da 30 a daina gaba ɗaya, haka ma duk ranar da yake amai ko gudawa. Insulin mai gauraye, wanda dole sai an ci abinci a kan lokaci bayansa, ta canza shi da glargine mai aikin yini guda, yunit 12 da safe. Ya fi tsada, kuma ta ce in ya gagara akwai NPH mai launin madara da za a iya tsarawa. Ta rubuta allurar B12, ta daidaita na hawan jini da amlodipine da lisinopril, ta ƙara atorvastatin, ta ce a riƙa auna jininsa a zaune da a tsaye don kada jiri ya kayar da shi. Sabon ma'auni: awon safe tsakanin 6 da 10, HbA1c wajen 8.

Baba bai ji daɗi ba. Ya ce, "Likita, 9 fa? Ai ƙafata za ku yanke." Ta ce, "Baba, 9 ba ta yanke ƙafa a shekara ɗaya, 2 kuwa tana iya kashewa a dare ɗaya." Maganarta tana da madogara. A babban binciken ACCORD na Amurka da Kanada an gwada matse suga har HbA1c ya yi ƙasa da 6 a kan dubban masu ciwon, aka dakatar da wannan ɓangare a 2008 saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu, kuma da aka auna tunaninsu bayan wata 40 bai fi na sauran ba. Matse suga yana da lokacinsa, shekarun farko na ciwo, lokacin da Baba yake shan lemo da baƙi. Mu da muka gaji jininsa a wannan lokacin muke yanzu, shi ya sa duk wanda ya kai 35 a gidan yake awon suga da na jini duk shekara.

A gida aka yi doka. Magani yana cikin akwati mai kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, autarmu, in za ta yi tafiya ta miƙa wa mutum ɗaya da baki da kuma rubutu. Ba a barin ƙwaya a gefen gado. Ana awo kafin allura, a rubuta lamba, a yi allura, a sa alama, a sa hannu. In awon safe ya yi ƙasa da 5.5 ba a allura sai an kira likita. Ana canza wurin sokawa a ciki, domin wurin da aka dame shi yakan yi ƙullutu, insulin kuma ba ya shiga jiki daidai daga ƙullutu. Kwalbar da ba a buɗe ba firiji take so, tsakanin digiri 2 da 8, ba cikin ƙanƙara ba, wadda ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe sati huɗu ne. Da yake wuta ba ta da tabbas, a lokacin zafi muna sa ta a roba mai murfi cikin tukunya biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga kyautar Rolex a 2000.

A jikin ƙofar ɗakinsa an manna takarda. In ya rikice farat ɗaya, a fara da awo kafin komai. In ƙasa da 3.9 ne kuma yana iya haɗiya, a ba shi cokalin shayi huɗu na sukari a rabin kofin ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo mai sukari, a jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci mai riƙe ciki. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a tafi asibiti. In suga daidai yake amma rikicewar sabuwa ce, a nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ƙarancin ruwa, ko rashin bayan gida na kwanaki. Sau uku hakan ta faru, sau biyu fitsari ne, kuma da aka yi magani ya koma inda yake. Cutar mantuwa ba ta sauka a yini ɗaya sai da dalili.

Abinci ya fi komai wuya. Wata rana ya gama ci ya ce ba a ba shi ba, ya yi fushi da Umma a gaban jikoki. Wata rana ya ƙi ci ya ce yanzu ya tashi daga kan kwano. Gardama ba ta amfani. Aka raba abincin gida biyar ƙanana: tuwo kamar dunƙulen hannunsa, miya mai yawan ganye, zogale ko rama ko alayyahu, da wake ko kifi ko ƙwai. In ya ce bai ci ba a ce, "To Baba, ga shi nan zuwa," a kawo gyaɗa kaɗan ko kokwamba ko dafaffen ƙwai. Acca da alkama ma tuwo ne, suna ɗaga suga in aka cika kwano. Ruwa kuwa ba a jira ya nema, a bazara kofi ake miƙa masa duk bayan awa biyu, domin ya daina gane ƙishirwa, kuma tsoho mai suga in ya bushe sugan yana iya haurawa sama da 30 ya suma. Ƙafa ana dubawa kullum bayan alwalar isha, har tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin ya sa.

Maganar azumi malamin unguwa aka kira, domin daga bakinmu ba zai karɓa ba. Malam ya ce masa tsohon da azumi ke cutarwa ya sha a ciyar a madadinsa, wanda kuma tunani ya gushe masa an ɗauke masa alƙalami, ya karanta masa ayar Suratun Nahli da ta ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Baba ya yi kuka, ya yarda, washegari ya manta ya ƙi karin kumallo. Yanzu a watan azumi jikansa ɗan shekara shida ake zaunarwa su ci tare a ɗaki, ba a ambaton azumi a gabansa da rana.

Cikin wata uku da canza magani ya ɗan dawo. Gyangyaɗin rana ya ragu, faɗan la'asar ya yi sauƙi, ya koma gane hanyar masallaci in an raka shi, kuma tun daga lokacin awo bai sake sauka ƙasa da 4.6 ba. Lissafi bai dawo ba. An gwada donepezil 5mg, ya hana shi cin abinci ya rage bugun zuciyarsa, aka daina bayan sati shida. Mabuɗin mota an karɓe, an ce tana gareji, shekara huɗu ke nan tana gareji. A aljihun kowace rigarsa an ɗinke ƙyalle mai lambar waya da rubutun cewa yana da ciwon suga. Yaron shagon nan an je an ba shi haƙuri, yanzu shi yake riƙe da shagon, kuma duk Juma'a yakan zo ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya tambaye shi ko an buɗe dilar da ta zo.

Littafin awon shi ne tsohon littafin bashinsa mai baƙin bango, akwai sauran shafuka a baya, kuma ya fi yarda a soke masa yatsa in ya ga shi aka buɗe. Bayan karin kumallo autarmu takan ajiye masa turmi uku ko huɗu a kan tabarma. Yakan murza bakin atamfa tsakanin yatsa biyu, ya kai hanci, ya ce wannan Holan ce, wannan 'yar Chana ce an buga mata hatimi, kuma har yau bai taɓa kuskure ba. In ta ce, "Baba, nawa za ka bar min?" sai ya faɗi farashin shekara 30 da suka wuce, ya ce ta kawo rabi, sauran a rubuta.